Rokar Korar Jan-Baki

Lahadi, 22 ga Satumba, bayan sallar asuba

Littafin shirin darasina ne wannan, na juya shi ta baya saboda ba ni da wani. Ta gaba akwai darasin fiziks da zan yi wa 'yan aji biyar ranar Talata. Ban san ko zan iya zuwa ba.

Jiya da la'asar aka wuce da Yaya Maiwada Kano. A asibitin nan na Gaya sun tsayar da jinin, sun ɗaure hannun, suka ce sauran aikin sai can. Matarsa Hajara ta shiga motar. Na ɗaga ƙafa zan shiga, ta ce, "Babu wuri, Adawiyya."

Akwai wuri.

Mayafina yana cikin bokiti. Sau uku ina canja ruwan.

Lahadi, azahar

Kunnena na hagu bai daina ƙara ba.

Litinin, 23 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Maigidana, Abban Khaula, ya dawo daga Kano. Tun daga zaure na tare shi.

"An yi aikin?"

"An yi. Ya farfaɗo, har ya sha shayi."

"Hannun fa?"

"Kin ci abinci kuwa yau?"

"Hannun nake tambayarka."

Ya zauna a dakali ya cire hula. Can ya ɗaga hannunsa na dama, ya lanƙwashe babban yatsa da manuniya cikin tafi, ya bar uku a tsaye.

Da hannun nan Yaya ya riƙe kan keke shekara uku yana kai ni makaranta daga Gafasa zuwa Ajingi, ina bayansa rungume da jaka. Ranar da aka yi ruwa ya ɗauki keken a kafaɗa, ni kuma ya ja ni da ɗaya hannun.

Talata, 24 ga Satumba, sha ɗaya na safe

Ban je makaranta ba. Na kira shugabarmu, ta ce in huta har ƙarshen sati.

Tunda ga ni zaune, bari in rubuta yadda aka fara.

Bara tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonar Yaya ta bayan gari, kwana huɗu suka bar masa kara. Gwangwani a igiya, majaujawa, mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, babu wanda ya yi aiki. Bana da dawa ta fara kai na je gaishe da Inna, na same shi a gindin tsamiyar bakin gona yana kallon sama. Ya ce, "Auta, duk bokon nan naki babu maganin tsuntsu a ciki?"

Wasa yake yi. Ni ce ban ɗauka wasa ba.

Aikin da na kammala jami'a da shi a kan roka ne, irin mai daskararren makamashi. A takarda na yi shi, shekara goma sha ɗaya ke nan, ban taɓa haɗa ko ɗaya ba. Na ce masa zan iya yin abin da zai tashi sama da ƙugi ya tarwatsa su. Bayan sati biyu na kawo masa ƙanana uku, na ɗauki guda na zauna ina yi masa bayani kamar a aji.

Na ce, "Yaya, ai wuta ba ta ci sai da iska, shi ya sa in ka kife kwano a kan kyandir take mutuwa. To roka da iskarta take tafe. Abin da zai ƙone, da abin da zai ba shi iskar ƙonewa, kwaɓa su ake yi wuri ɗaya a zuba cikin bututu, su daskare kamar sabulu. Da an kunna shi ke nan. Ko ka rufe ta da ƙasa sai ta cinye kanta."

"Ba birki ke nan."

"Ba birki."

"To me ke ɗaga ta?"

"Hayaƙinta. Saman bututun a toshe yake, a ƙasa aka bar 'yar ƙofa, maƙogwaro muke ce mata. Hayaƙi mai zafi ya taru ya rasa hanya sai nan, ya fita ƙasa da ƙarfi, ita kuma ta yi sama. Kamar ka hura balan-balan ka sake shi."

Ya karɓa ya leƙa ciki da ido ɗaya. "Wannan ramin na tsakiya fa?"

"Ta nan wutar take ci, daga ciki zuwa waje. Wuta fuskar da ta samu kawai take ci. Girman ramin shi ke auna yawan hayaƙin da zai fito, maƙogwaron kuma daidai da hayaƙin aka yi shi."

Sai ya ce, "Ashe kamar ice ne. Gungume ya wuni yana ci, in kin faskara shi kuma kafin ki juya ya zama toka."

Shekara tara ina koyarwa, babu ɗalibar da ta taɓa gane min abu da sauri haka. Aji uku ya yi a firamare.

Ba zan rubuta abin da na kwaɓa ba, ko a nan. Littafi yana iya faɗawa hannun kowa.

Alhamis, 26 ga Satumba, la'asar

Na je Gafasa wurin Inna. Gidan cike da mata 'yan jaje. Duk wadda ta shigo maganarta ɗaya: ai Maiwada da kansa ya ce laifinsa ne, ya kunna lagwani ya ja baya, ya ga sandar da aka jingina rokar ta karkata, ya koma zai gyara. Ya gaya wa likita haka, ya gaya wa mai unguwa haka a waya.

Gaskiya ne ya koma. Na gan shi, har na buɗe baki.

Inna ta riƙe min gwiwa ta ce, "Ki daina wannan ramar, 'yar nan. Abin da Allah Ya rubuta ne. Ke taimako kika yi niyya."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Juma'a, 27 ga Satumba, goma na safe

An kira ni ofishin 'yan sanda a Ajingi, Abban Khaula ya raka ni. Sufeton mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya tambaye ni me na yi, don me na yi, wa ya ba ni izini. Babu wanda ya ba ni. Ya ce in rubuta bayani da hannuna. Na rubuta shafi biyu. Duk abin da na rubuta gaskiya ne.

Ya ce, "Babu wani abin da kika manta, Malama?"

Na ce babu.

Asabar, 28 ga Satumba, hantsi

Sati ɗaya daidai. War haka ina kan acaɓa daga Ajingi, kwali a cinyata.

Asabar, azahar

Na ƙona takardun lissafin a murhu. Ban ji sauƙi ba.

Lahadi, 29 ga Satumba, bayan magariba

Na je Kano na gan shi.

Hannun a naɗe yake har gwiwa, an rataye masa a wuya. Ya rame. Sai ka zagaya ta hagu yake jin magana, kunnen dama an ce a jira a gani. Da ya gan ni ya washe baki ya ce, "Ga injiniya! Auta, yanzu da cokali zan riƙa cin tuwo kamar ku 'yan boko."

Hajara ta ɗauki flas ta fita, ba ta amsa gaisuwata ba.

Ya sa na matso kusa, ya rage murya. "Ki yi haƙuri, na ɓata miki aiki. Kin ce min ba birki, na ji da kunnena, na kuma koma. Kada ki bari wannan ya sa ki daina. Ƙananan nan uku da muka tayar ai sun yi aiki, kwana biyu ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba."

Shi ke ba ni haƙuri.

Na ce zan sayo masa ayaba. Na fita, na tsaya bayan ɗakin jinyar inda ake shanya kaya, na daɗe a wurin. Da na dawo na manta da ayabar, ya yi ta yi min dariya.

Litinin, 30 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Na shiga aji. Na rubuta kan darasi a allo, na zana bututu, na zana kibiya ɗaya ƙasa ɗaya sama. Alli ya tsaya a hannuna. Na ce su buɗe shafi na sittin su karanta da kansu.

Laraba, 2 ga Oktoba, shida da rabi na safe

Yau zan rubuta.

Tsakanin Ajingi da Gafasa akwai wurin da ruwa ya cinye hanya. Mai acaɓan ya faɗa rami, kwalin ya suɓuce min ya bugi ƙasa. Babbar rokar ce a ciki, ita kaɗai ta rage. Ƙananan a bututun kwali na yi su. Ita don ina so ta fi tashi, na yi ta a bututun roba na famfo, wanda in ya fashe yake zama kamar wuƙaƙe. Wannan ma na sani.

Da na isa gona na tarar Yaya ya tara mutane. Mai unguwa yana nan. Datti maƙwabcinsa na gona yana nan da 'yan'uwansa. Yaya ya saka rigarsa ta Juma'a, a gona, yana ta cewa, "Ƙanwata ce ta haɗa, uwa ɗaya uba ɗaya." Datti ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "To yau za mu ga aikin mata." Aka yi dariya.

Na juya musu baya na ɗaga ta saitin rana, na leƙa ramin.

Akwai tsaga. Siririya kamar gashi, ta taso daga bakin ramin ta yi ciki. Na gan ta.

Tsaga sabuwar fuska ce. Wuta za ta shige ta ta ci gefe biyu, hayaƙi ya fi ƙarfin abin da maƙogwaro zai iya fitarwa, matsi ya hau. Irin wannan haɗin kuma in matsi ya hau cin wutar ƙaruwa yake yi, in ya ƙaru matsin ya sake hawa, har bututu ya kasa. Duk kafin ƙiftawar ido. Shafi na arba'in da ɗaya a aikina na jami'a. Ni na rubuta, har na ja layi a ƙasa.

Na ce wa kaina a sama take, ba ta yi zurfi ba. Na ce ai kowa zai ja baya. Yaya ya ce, "Lafiya, Auta?" Na ce lafiya lau, na miƙa masa.

Da lafiyayya ce, ko da ya koma, tashi za ta yi ta bar shi da ƙunar hannun riga.

Laraba, la'asar

Na karanta abin da na rubuta da safe. Ban yage ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan magariba

Na miƙa wa Abban Khaula littafin a buɗe. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa.

"Wa ya san wannan?"

"Kai."

"To ya tsaya nan." Ya rufe littafin ya dafe shi da hannu. "Adawiyya, ki yi istigfari tsakaninki da Ubangijinki. In kin faɗa me zai ƙaru? Yatsa zai dawo? Mutumin nan ke ce abin alfaharinsa. Ki bar masa wannan ko ba komai."

"Haƙuri yake ba ni."

"Ki karɓa. Aikinki fa? Inna fa, da hawan jininta?"

Ba mugun mutum ba ne, tsoro yake ji mini. Kuma ban iya ce masa ƙarya yake ba.

Juma'a, 4 ga Oktoba, azahar

An sallamo Yaya, yana Gafasa. Jan-baki sun dawo. An ce Datti da 'yan'uwansa ne suke tsaron gonar tun asuba da gwangwanaye, sun bar tasu. Datti ɗin.

Asabar, 5 ga Oktoba, hantsi

Na shirya na sa takalmi. Na cire.

Lahadi, 6 ga Oktoba, biyar na yamma

Na faɗa.

Yana kan tabarma a rumfar tsakar gida, Hajara tana ba shi kunu. Na so ta tashi, sai na ga ai ita ma haƙƙinta ne ta ji. Na zagaya ta hagunsa na durƙusa.

"Yaya, kwalin ya faɗi a hanya. Rokar ta tsage ta ciki. Na leƙa na gani kafin in ba ka."

Bai gane ba da farko. Ya ce, "To ai 'yar tsaga ce ko?" Sai da na tuna masa icen da ya yi min misali da shi, na ce tsagar nan faskare ce. Na ga lokacin da ya gane. Ya ture kofin kunun a hankali.

"Kin san abin da za ta yi?"

"Na san tana iya yi."

"Na tambaye ki. Na ce lafiya, Auta?"

"Ka tambaya."

"Me ya sa?"

Kwana goma sha biyar ina neman amsar da ta fi wannan, ban samu ba. Na ce, "Mutane suna tsaye. Na ji kunyar a ce ban iya ba."

Ya kalli hannun. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Kunya." Shi ke nan. Sannan ya ce, "Adawiyya, tashi ki tafi gida, yamma ta yi."

Ban tuna ranar ƙarshe da ya kira ni da sunana ba.

Hajara ta biyo ni har zaure. Na tsaya na sunkuyar da kai, ina jiran duk abin da za ta ce. Ta ce, "Tun a asibitin Gaya na san akwai abin da kike haɗiyewa. Kowa yana kallon hannunsa, ke ƙasa kike kallo." Ta share ido da bakin zane. "Sati biyu yana kwana yana zagin kansa. Ko ba komai yau zai daina."

Ba ta ce sai an jima ba, amma ta miƙo min jakata da na manta.

Talata, 8 ga Oktoba, sha biyu na rana

Na koma Ajingi na ce wa sufeto akwai abin da na bari. Ya ba ni sabuwar takarda. Layi huɗu ne kawai. Ya karanta ya dube ni, ya ce za a tura gaba, kuma za a tambayi wanda ya ji raunin ko yana da ƙorafi.

Abban Khaula bai raka ni ba. Amma na fito na same shi a bakin titi a kan babur.

Laraba, 9 ga Oktoba, hantsi

Inna ta kira. Ta ji. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi min. Ta ce, "Ni na haife ku ku biyu, ba zan zaɓa ba. Amma ki riƙa zuwa. Ko bai kula ki ba ki zo."

Juma'a, 11 ga Oktoba, goma na safe

Takarda ta zo makaranta. An dakatar da ni har kwamiti ya zauna. Shugabarmu ta ce, "Da kin yi shiru, Malama Adawiyya, da yanzu maganar ta mutu." Na miƙa mata makullin ɗakin gwaje-gwaje.

Asabar, 12 ga Oktoba, la'asar

Na je. Na gaishe shi, ya ce, "Lafiya," ya juya kunnen dama wajena. Na taya Hajara surfe, na dawo.

Talata, 15 ga Oktoba, azahar

Na je. Ya fita masallaci tun kafin a kira salla, bai dawo ba har na tafi.

Da a ce ranar nan a gona na juya na ce musu, jama'a ku yi haƙuri, ta lalace a hanya, sai wani satin. Kalma nawa ce? Datti ya yi dariya, mai unguwa ya kaɗa riga ya tafi, Yaya ya ji kunya kwana biyu. Kullum sai na faɗe ta a raina, a tsaye a gonar, da muryar da zan faɗe ta.

Alhamis, 17 ga Oktoba, hantsi

Hajara ta kira ni da kanta. 'Yan sanda sun je, ya ce musu ba shi da ƙorafi a kan kowa. Na ce, "Ya ce wani abu a kaina?" Ta ce a'a.

Rabin dawar ta tsira.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan magariba

An kwance bandejin jiya. Yau na gani. Ban kau da ido ba, don na ga yana lura ko zan kau.

Na gaishe shi, ya amsa. Na zauna nesa kaɗan a bakin rumfa. Mun kai rabin awa haka, kaji suna ta kiwo a tsakaninmu. Can ya laluba ƙarƙashin tabarma ya ciro abin yanke farce. Ya sa shi tsakanin yatsun nan uku, ya gwada matsawa, ya suɓuce. Ya ɗauka ya sake, ya sake suɓucewa. Farcen hannunsa na hagu ya yi tsawo har ya fara lanƙwasa.

Ya ajiye abin a kan tabarma, ya tura shi wajena da bayan hannu.

"Hajara tsoro take ji, sama-sama take yankewa. Inna kuma ba ido."

Na matso. Ya miƙo hannun hagun, fuskarsa tana kallon katanga.

"Kada ki tambaye ni komai yau."

"To, Yaya."

Na ɗora hannun a kan gwiwata. Na fara daga ƙaramin yatsa. Tafin duk kanta, farcen da tauri kamar ƙaho. Na yanke biyar ɗin a hankali, na tattara a tafina. Ya ɗaga hannun ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya goga su a jikin rigarsa.

Na miƙe zan tafi, har na kai bakin rumfa, ya ce, "Nan da sati biyu zai sake fitowa."

Na ce zan zo.